Shanun laka a tsakar gidan Goggo

Mun iso Gadarif, a gabashin Sudan, a ƙarshen Disamban 2023, kwanaki kaɗan bayan yaƙi ya shigo garinmu Wad Madani. Ni da 'ya'yana biyu da jaka ɗaya, a bayan babbar mota, ta hanyar Fau. Gidan goggona muka sauka, ƙanwar mahaifina, kuma kafin wata ya zagayo iyali huɗu ne cunkushe a gida ɗaya: ɗakuna biyu na bulo, bukkoki biyu irin na Gadarif, sai rumfa a tsakar gida. Wata safiya na ƙirga yaran da ba su kai shekara shida ba, na samu tara.

Shekara bakwai na yi ina koyarwa a rauda, ajin ƙananan yara kafin firamare. Tubalan roba, fenti, almakashi marar tsini, duk suna can cikin kabad a Madani, na kulle kamar gobe zan dawo. A nan kuwa yara tara ba su da abin yi sai faɗa a kan waya ɗaya, in caji ya ƙare a koma kuka. Ranar da ɗana ya fasa wa Goggo jabanarta, tukunyar gahawa ta ƙasa da ta fi shi shekaru, ba ta dake shi ba. Ni ta kalla.

"Ke ba malama ba ce? To ga almajirai Allah Ya kawo miki har gida."

Abin da na sani na fara da shi. A rauda muna kwaɓa fulawa kofi biyu da gishiri kofi ɗaya da cokalin mai da ruwa, yara su yi ta mulmulawa; gishirin ke hana ta lalacewa da wuri, kuma ke hana yaro sha'awar ci. Na ɗebi fulawa na zuba a kwano, ina shirin zuba ruwa sai ga inuwar Goggo a kaina. Ta ce, a hankali, "'Yar nan, abin da za a ci ne za a yi wasa da shi?" Na mayar da fulawar cikin buhu har da karkaɗe kwanon. Kunyar da na ji ranar har yau ban manta ba, don gaskiyarta: lokacin kowane kofi a ƙirge yake.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Na raba dare da fitilar waya ina ƙera mota da kwalin sabulu, da tagogi da ƙofa mai buɗewa, har da lamba. Da safe na ajiye ta gaban yara tara. Kafin azahar ƙofa tana hannun wannan, taya tana bakin wancan, uku suna kuka, iyayensu mata sun fara kallon juna.

Washegari Goggo ta aiki wani saurayin gidan ya kawo damin kara. Lokacin girbin dawa ne, kara ko'ina. Ta zauna a bakin gado, ta ɗauki ɗaya ta karya a gaɓa, ta sa haƙori ta ɓare bayansa sili-sili, farar totuwa ta fito. Ta gutsura totuwar gunduwa-gunduwa, ta lanƙwasa siraran ɓawon ta soka bakinsu a ciki, da'ira biyu da hannaye biyu. Kafin in gane me take yi ta maƙala wa auta a fuska: tabarau. Gidan ya kaure da ihu, kowa na cewa nawa, nawa. Ta ce babu wanda za ta yi wa, kowa ya zauna ya yi nasa.

Goggo haifaffiyar Mai Wurno ce, garin da ke bakin kogi kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa da mutanen da suka ci gaba da tafiya gabas bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ta ce kakarta ce ta koya mata tabarau da gado da keji na kara, ita kuma da shi ta taso tun daga ƙasar Hausa. Ni da na yi kwas na renon yara, da takardar shaida, ban taɓa ɓare kara ba sai ranar.

A nan na koyi rabon aikin da na bi har muka bar gidan. Duk abin da ya shafi wuƙa, wuta ko kaifi, na babba ne, kuma da dare ake yin sa bayan yara sun kwanta. Sauran duka na yaro ne. Ɓawon kara yana yanka kamar reza in an ja shi ta gefe, ga sartse, don haka ni da matar ƙanena muke ɓarewa, mu kankare gefen da bayan wuƙa, mu tara a faranti ɗaya, totuwa a wani. Da hantsi, bayan an karya kumallo, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa. Sokawa kawai yaro zai yi. Totuwa taushi gare ta, ɗan shekara uku ma yana iya soka mata tsinke. Gado ya fi sauƙi: gunduwa huɗu a kusurwa, sili huɗu su haɗa su, ƙafafu huɗu. Wanda ya iya gado ya iya kujera, wanda ya iya kujera ya kusa iya mota. Sai dai kayan kara ba sa kwana biyu, kuma na daina damuwa da hakan, don yaran ma ba su damu ba.

Laka ce ta zama babbar sana'armu. Ƙasar Gadarif baƙa ce mai danƙo, irin wadda da damina take tsige wa mutum takalmi daga ƙafa, da rani kuma ta dare har hannu ya shige cikin tsagar. Ita ke ba da dawa da riɗin da garin ya yi suna da su. Na ɗauka abin nema ya samu, na haƙo bokiti guda a bayan gida, na jiƙa, yara suka gina abin da suka gina, muka shanya a rana. Da la'asar ko ɗaya bai tsira ba, duk sun tsattsage. Wannan laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, kuma rana na busar da bayanta tun cikin na ɗanye. Sai da muka yi gwaji uku kafin muka daidaita: awo uku na laka, awo ɗaya na yashi mai laushi da aka tankaɗe, da ɗan ƙaiƙayin dawa tafin hannu guda. A jiƙa tun dare, da safe a tsince tsakuwa, a tattake. Tattakewar ma wasa ce, kuma ita suka fi so. Sai ka ga tara sun cusa ƙafafu cikin daro ɗaya. Shanya kuwa a inuwa, ƙarƙashin gado, kwana uku ko huɗu.

Ruwa shi ne wahalar. Wanda ya san Gadarif ya san ruwa a ganga ake sayen sa daga masu karo, amalanken jaki, kuma da zuwan 'yan gudun hijira abin ya ƙara tsanani. Ba zan iya ɗiban na sha in zuba wa ƙasa ba. Sai na ajiye tsohon daro a wurin alwala, duk mai alwala ya yi a kansa. Gida mai manya goma sha wani abu, salla biyar, ruwan ya ishi laka har da wanke hannu na farko.

Saniya Goggo ta koya musu, kuma tana da doka guda: ba a liƙa ƙafa. A mulmula curi kamar girman lemun tsami, a ja shi ya yi tsawo kamar ƙwai, sannan a tsunkuno ƙafafu huɗu daga jikin, a tsunkuno tozo, wuya, ƙaho. Duk abin da aka gina daban aka manna, da ya bushe zai faɗi. 'Yan shekara biyar sun kama cikin kwana biyu. 'Yan huɗu suna yin wata dabba da ba saniya ba ba kare ba. 'Yan uku kuwa ba ruwansu da saniya: su mulmula ƙwallo, su murza maciji, su daɓe da tafin hannu su ce kisra ce, siririyar wainar dawa da ake ci a Sudan, su kai wa Goggo ta saya. Haka ya kamata. Yatsunsu ba su kai tsunkuno ba tukuna, murzawa da daɓewar ne ke ƙarfafa su, hannun da zai riƙe alƙalami gobe.

Wata rana 'yata, tana da shekara huɗu lokacin, ta kawo min saniya mai ƙafa uku, ɗaya ma a karkace. Hannun malama ba ya zama, na karɓa na miƙe ƙafar, na fitar da ta huɗu, na gyara ƙahon, na miƙa mata. Ta kalle ta, ta ajiye a ƙasa.

"Inna, yanzu ba tawa ba ce."

Ba ta sake taɓa ta ba. Tun daga ranar nake zaune a kan hannayena in suna gini. In yaro ya ce a taimake shi, sai in ɗauki nawa curin in yi a gabansa, nasa kuwa ba na taɓawa.

Fenti ya zo daga baya, kuma a kicin muka same shi. Ƙaro, ba karon jaki ba, ƙaron itacen dakwara, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi, araha ne a kasuwa in kaɗan kake so. A jiƙa 'yan ƙwayoyi cikin rabin kofin ruwan ɗumi su kwana, da safe ya zama gam, kuma ko yaro ya lasa ba komai, tunda ana cin sa. A daka gawayi lukui a zuba a ciki, ga baƙi, tawadar makarantar allo ke nan. Kurkum ya ba da rawaya, sai dai ba ya fita a tufa, riguna biyu na yi asara kafin in koyi tuɓe musu riga. Ja daga sauran zoɓon da aka riga aka sha ruwansa na farko. Burushi kuwa asuwaki ne da aka tauna bakinsa. Takarda babu, kwali muke ɓarkewa, da bayan buhun siminti.

Zoɓo ya yi mana abin da ban shirya ba. Wani yaro ya tsoma asuwakinsa cikin ruwan kanwar da aka ajiye don miya, ya mayar cikin zoɓo, sai jan ya rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen kore. Ya ƙwalla ihu wai aljani. Na matsa lemun tsami a ciki, ja ya dawo. Launin zoɓo haka yake, yana bin tsami da kanwa. Mako guda cur ba su yarda an yi wani abu ba sai wannan, har maƙwabta suka fara turo nasu yaran su ga sihirin malama.

Ga abin da ya fi dame ni, kuma har yanzu ban tabbata na yi daidai ba. Da mazan suka iya sarrafa kara da kansu, abin farko da suka ƙera ba tare da an koya musu ba bindiga ce. Doguwa, da maratayi na tsumma, da wurin harsashi, komai a inda yake. Suka jawo benci suka tare ƙofar zaure. Goggo ta dawo daga gaisuwar rasuwa, wani ɗan shekara biyar ya ɗaga mata hannu.

"Hajiya, tsaya. Daga ina? Ina takarda?"

Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Duk wanda ya bi hanyar da muka biyo ya san inda yaron ya ji wannan murya. Na tattara bindigogin na kakkarya na jefa a murhu. Washegari suka yi sababbi a bayan bukka, inda ba na gani. Na sake karyawa, suka sake yi. Goggo ce ta ce in bari. "Abin da ido ya gani, in bai fita ta hannu ba ta ina zai fita?" Sai na bari, da sharaɗi biyu: ba a nuna wa mutum a fuska, kuma ba a yi bayan magariba. Sannan na yi musu wayo. Na ce shinge ba motoci ai ba shinge ba ne, wa zai ƙera motocin da za a tare?

Haka muka shiga motoci, wannan karon da hannunsu. Jiki daga robar ruwa ko kwalin shayi. Tayoyi daga tsofaffin silifa, da nake yankawa da dare ina bin bakin kofin gahawa don su zo daidai. Sirrin mota shi ne gindin taya: in ka soke tsinke kai tsaye cikin jikin motar, ba za ta gangara ba. Sai an ratsa bututun tsohon biro ta cikin jikin, tsinken ya bi ta cikin bututun, sannan a soka taya a kowane gefe. Hudar da ƙusa mai zafi nake yi. Su kuma su zura, su soka, su shafa fenti, su ɗaura zare gajere na ja. Gwangwanin kifi na gwada sau ɗaya, duk da na daddaƙe bakinsa da guduma sai da ya yanki yatsa, na bar shi. Da motoci suka yi yawa sai aka buƙaci kaya, aka loda shanun laka. Shanu suka buƙaci kasuwa. Kasuwa ta buƙaci kuɗi, aka yanka kwali. Ba zan ce bindigogin sun ɓace ba. Amma mai tsaron shinge zama kawai yake yi, direba kuwa yana yawo, kuma yaro ba ya son zama. A hankali aka rasa mai son tsaro.

Akwai 'yan shekara biyu guda biyu a cikinsu, kuma saboda su na zama mai tsanani. Duk abin da bai kai faɗin yatsu biyu na babba ba, wato abin da ya yi ƙasa da santimita 3 ko kusa da haka, yana iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro, don haka murfin kwalba, ƙwallon dabino, ƙwallon aduwa, duk ba sa hawa tabarma in ƙanana na nan. Ƙwallon goruba ya fi ƙarfin baki, shi muke sa wa 'yar tsana a matsayin kai, a lulluɓe da tsumma a ɗaure wuya, jikin kuma kara biyu a gicciye. Abin kaɗawa na jarirai robar ruwa ce da ɗan tsabar dawa a ciki, in narka bakin murfin da ƙusa mai zafi yadda ba zai buɗu ba. Wata maƙwabciya ta kawo min jajayen 'ya'yan idon zakara wai a yi wa 'yan tsana sarƙa. Na gode mata, ta juya baya na zuba su a masai. Guba ne in aka tauna, haka ma 'ya'yan zurma. Tsohon batir ɗan mitsitsi na agogo ko na fitila shi ma ba ya kwana a gidan, don in yaro ya haɗiye shi ƙona maƙoshi yake yi cikin sa'o'i kaɗan. Ƙwallon safa kuwa, wanda kowane ɗan Sudan ya taso yana bugawa, ba sai na koya wa kowa ba. Safar kawun yaran ce dai ta riƙa ɓacewa ɗaya-ɗaya.

Gasa shanun shawarata ce, kuma ita ce ta jawo ranar da ta fi kowace muni. Laka busasshiya tana narkewa in ta taɓa ruwa, ni kuma ina so su samu abin da zai daɗe. Bayan an gama kisra, na binne shanu shida cikin garwashi, yara suka kewaye murhu daga nesa suna jira. Ashe ɗaya jiya-jiya aka gina ta, wani ya sako ta cikin busassun. Ruwan cikinta ya zama tururi, ya rasa hanya. Ta fashe, tau! Ƙara ce da ba ta fi ta fasa leda ba. Kafin in juyo tsakar gida ba kowa. Bakwai suna ƙarƙashin gadaje, kwance rub da ciki, hannaye a kan kai, ba mai kuka, ba mai motsi. Ba wanda ya koya musu wannan a Gadarif. Matar ƙanena ta durƙushe a bakin rumfa tana salati.

Goggo ce ta fara motsi. Ta ɗauki muciya ta tono gutsattsarin saniyar, ta tsuguna a bakin gado tana nuna musu. "Ku fito ku ga wadda ta yi gaggawa. Ba ta bushe ba ta shiga wuta." Ɗaya bayan ɗaya suka rarrafo. Sauran biyar ɗin muka bar su cikin toka har safe, suka fito ja-ja da baƙi-baƙi, da ƙarfi, in ka ƙwanƙwasa suna amsawa. Tun daga nan sai abu ya yi mako guda a inuwa, ya ƙara wuni kusa da murhu, kafin ya shiga wuta, kuma da dare nake gasawa, ni kaɗai.

Madani ta koma hannun sojoji a Janairun 2025, mu kuma ba mu koma ba sai bayan ƙaramar salla. Kayan kara duk sun riga sun zama makamashi. 'Yata ta zaɓi shanu uku ta cusa cikin safa, sauran ta bar wa Goggo kiwo, da gargaɗin kada a sayar. A hanya na yi ta nanata musu dokar da ta fi duk na baya: a Madani ba a tsintar komai a ƙasa, ƙarfe ne, roba ce, mai ƙyalli ne, ko ya yi kama da abin wasa, a tsaya, a ja baya, a kira babba. Yaran da na shekara ina koya wa cewa kowane tarkace mota ne, yanzu sai na koya musu akasin haka, kuma na ga rikicewar a fuskar ɗana.

Kabad ɗin rauda na same shi a buɗe, ba komai ciki sai ƙura. Kwana uku da isowarmu, bayan mazan unguwa sun duba tsakar gidan lungu-lungu, ɗana ya tsaya yana kallon tsagar ƙasa a gindin katanga. Ƙasar Jazira, jihar da Madani take, ita ma baƙa ce, ita ma tana darewa.

"Inna, ta nan tana yin saniya?"

Na ce ya tsaya inda yake. Na ɗauko fartanya na haƙo da kaina, na murtsuke a tafin hannu, na tofa mata ɗan yawu na murza. Ta kama.

"Ɗauko daron alwala," na ce masa.